BABI NA HUƊU: JINYAR SABON MARAƘI MAI MATSALAR SHAN NONO DA CIWON CIKI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren shanun da ake kiwo a ƙasar Hausa, kamar Bunaji da Bokoloji da Rahaji, da kuma yadda makiyayi ke kula da saniya mai ciki har zuwa ranar da za ta haihu. A wannan babi kuwa za a dubi abin da ke biyo bayan haihuwar, wato halin da sabon maraƙi kan shiga idan ya kasa shan nono, ko kuma ya sha amma cikinsa ya ɓaci. Za a yi bayanin yadda cikin maraƙi yake, da muhimmancin dakashi, da dalilan ƙin shan nono, da zawo da ire-irensa, sa'an nan a kawo hanyoyin jinya, na gargajiya da na zamani.

Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, mafi yawan maruƙan da ke mutuwa da zawo a makonnin farko ƙarewar ruwan jiki ne da yunwa ke kashe su, tun kafin ƙwayar cutar ta gama aikinta. Saboda haka mai jinyar maraƙi ya fi bukatar sanin yadda zai mayar masa da ruwa da nono a kan sanin sunan allurar da zai saya a kasuwa.

4.1 Matsayin Maraƙi A Wajen Makiyayi

Kafin a shiga maganar cuta, ya kamata a san abin da ake asara idan maraƙi ya mutu. Saniya kan ɗauki ciki na wata tara da 'yan kwanaki, kuma a kiwon gargajiya ba kowace shekara take haihuwa ba. Idan ɗanta ya mutu, wahalar fiye da shekara guda ta tafi a banza ke nan. Bugu da ƙari, shanunmu masu tozo ba su cika sakin nono ba sai sun ga ɗansu, sun shinshine shi, ya kuma ɗan tsotsa. Wannan ne ya sa ake kwance maraƙi daga dangwali a kai shi wurin uwarsa kafin a fara tatsa. Idan ya mutu, sau da yawa nonon uwar kan ƙafe cikin ɗan lokaci, har wasu makiyaya kan feɗe fatarsa su riƙa ajiye wa uwar a gabanta domin ta ci gaba da sakin nono. Wato ke nan mutuwar maraƙi guda tana nufin rashin sa ko saniya ta gobe, da rashin nonon da yara za su sha, da kuma rashin kuɗin cefane da matar gida ke samu daga tallar nono da man shanu.

4.2 Yadda Cikin Sabon Maraƙi Yake

Cikin saniya ɗaki huɗu ne. Na farko shi ne tumbi, wanda ya fi kowanne girma, inda ciyawa ke jiƙa ta ruɓe kafin saniya ta dawo da ita baki ta yi tuƙa. Na huɗu kuwa shi ne ainihin ciki mai narkar da abinci, irin na ɗan Adam. A jikin sabon maraƙi abin ya sha bamban. Tumbinsa ƙarami ne, bai fara aiki ba, ɗaki na huɗun ne babba, kuma shi kaɗai ke iya sarrafa nono. Da zarar nono ya shiga cikinsa sai ya daskare cikin 'yan mintoci, ya zama curi, sa'an nan ya riƙa narkewa a hankali yana wucewa hanji.

Akwai wata 'yar hanya mai kama da magudana da ta taso daga ƙarshen maƙogwaro. Idan maraƙi yana tsotso da marmari, wannan magudana kan naɗe ta zama kamar bututu, ta tsallake da nonon kai tsaye zuwa ɗaki na huɗu. Idan kuwa aka danne shi aka kwarara masa nono da ƙarfi, ko kuma ya yi rauni ƙwarai, magudanar ba ta rufewa sosai, sai nonon ya zuba cikin tumbi. A can ba ya narkewa, tsami yake yi, ya haifar da iska da kumburin ciki. Sanin wannan shi ne tushen duk wata jinya da za a ambata a gaba.

Haka kuma, hanjin maraƙi a makonnin farko zaƙin nono kaɗai ya iya narkarwa, sai kuma gulukos wanda ba ya bukatar narkarwa. Ba shi da sinadarin da ke narkar da sukarin shayi, kuma ƙarfinsa na narkar da gari kaɗan ne. Don haka kunu ko koko ko ruwan sukari da wasu kan ba marayan maraƙi saboda tausayi, zawo suke jawo masa. Idan babu nonon saniya, nonon akuya ya fi masa kunu nesa ba kusa ba.

4.3 Dakashi Da Muhimmancinsa

Dakashi shi ne nonon farko da saniya ke fitarwa bayan ta haihu. Yana da kauri da danƙo, launinsa kuma rawaya-rawaya ne. Jaririn ɗan Adam yakan sami wani kaso na kariya daga cututtuka tun yana cikin uwarsa, amma mahaifar saniya ba ta barin waɗannan sinadarai na kariya su ratsa zuwa ga ɗanta. Saboda haka maraƙi kan faɗo duniya kusan ba shi da garkuwa ko kaɗan, kuma daga dakashi ne kawai zai same ta.

Wani abin lura shi ne, lokacin da hanjin maraƙi ke iya tsotse waɗannan sinadarai zuwa cikin jini gajere ne. Ya fi ƙarfi a sa'o'in farko bayan haihuwa, yana raguwa sosai bayan awa 6, ya ƙara raguwa bayan awa 12, idan kuwa aka cika awa 24 ƙofar ta kusa rufewa gaba ɗaya. Dakashin da aka ba shi a kwana na biyu abinci ne mai kyau, amma bai ƙara masa wata garkuwa a jini. Abin da likitocin dabbobi ke shawarta shi ne maraƙi ya sami dakashi kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa, kuma mafi yawansa ya shiga cikin awa 6 na farko. Maraƙin Bunaji kan zo da nauyin kilo 20 zuwa 25, don haka yana bukatar lita 2 zuwa lita 2 da rabi.

A nan akwai al'adu biyu da ke cutar da maraƙi. Ta farko ita ce tatse dakashi a ranar haihuwa domin a dafa a ci a gida. Ta biyu ita ce zaton da wasu ke yi cewa dakashi ya yi wa jariri nauyi, ko kuma shi ke kawo zawo. Abin da ya jawo wannan zato shi ne, dakashi na taimakawa wajen fitar da kashin farko, mai duhu da danƙo, bayansa kuma sai kashi mai laushi, rawaya, ya biyo. Wannan kashin lafiya ne ga mai shan nono zalla. Idan uwa ta mutu wajen haihuwa ko ba ta da nono, sai a nemi dakashin wata saniya da ta haihu a ranar, a garken ko a maƙwabta.

4.4 Dalilan Ƙin Shan Nono

Lafiyayyen maraƙi kan miƙe tsaye cikin kamar awa ɗaya da haihuwa, kuma ba ya daɗewa bayan haka yake kama nono. Idan awa 2 zuwa 3 suka wuce bai kama ba, to akwai matsala, kuma tana iya kasancewa daga gare shi ko daga uwarsa.

(a) Daga ɓangaren maraƙi: Wanda ya sha wuyar haihuwa, aka jawo shi da ƙarfi, kan fito a galabaice, wani lokaci da kumburin harshe da fuska. Haka nan bakwaini, da wanda aka haifa da dare cikin sanyin hunturu ko cikin ruwan sama jikinsa ya yi sanyi. Cutar bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, ita ma kan sa a haifi maraƙi mai rai amma marar kuzari. Akwai kuma wanda ake haifa da tsagar ganɗa, nono na fitowa ta hancinsa in ya sha.

(b) Daga ɓangaren uwa: Karsana mai haihuwar fari takan ƙi ɗanta, ta riƙa harbinsa. Saniya mai ciwon hantsa, ko mai gyambo a kan nono, ita ma ba ta barin a taɓa ta. Tsohuwar saniya kuma kan nononta kan yi girma ko ya yi ƙasa da yawa, bakin jariri ya kasa kamawa. Wadda ta haihu a ƙarshen rani ko cikin bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, takan haihu a rame, nononta kaɗan.

Hanya mafi sauƙi ta gwada maraƙi ita ce a wanke hannu a sa masa yatsa biyu a baki. Idan bakin da ɗumi, kuma ya kama yatsun ya tsotsa da ƙarfi, to zai iya sha, sai a ɗaure uwar a dabaibaye ta, a tallafe shi a sa masa kan nono a baki. Idan ba a sami haka ba, sai a tatsa a cikin kwalba mai kan roba a ba shi yana tsaye ko yana zaune bisa ƙirjinsa. Idan bakin ya yi sanyi, sai a fara goge shi da tsumma ko buhu, a rufe shi, a kai shi wuri mai ɗumi kafin a sake gwadawa.

4.5 Haɗarin Ɗura

Ɗura tsohuwar hanya ce ta ba dabba magani ko abinci, amma ga maraƙin da ya daina tsotso tana da haɗari babba. Wanda ba ya tsotso sau da yawa ba ya iya haɗiya yadda ya kamata. Idan aka ɗaga kansa sama aka kwarara masa ruwa ko nono, sai ya ƙware, wani kaso ya bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu. Yana iya mutuwa nan take, ko kuma bayan kwana biyu zuwa uku ya kama tari da zazzaɓi da numfashi sama-sama. Sau da yawa akan ɗora laifin mutuwar a kan zawo, alhali kuwa ɗurar ce ta ƙarasa shi. Ba a ɗura wa maraƙin da ke kwance a gefensa. Akwai wata roba ta musamman da ake zurawa ta baki zuwa maƙogwaro domin ba irin wannan maraƙi dakashi ko ruwan magani, amma sai wanda ya koyi sa ta daga malamin dabbobi, domin in ta kauce ta shiga hanyar iska ɓarnar ta fi ta ɗura.

4.6 Zawo Da Ire-Irensa

Zawo shi ne cutar ciki da ta fi addabar maruƙa a watan farko. Alamominsa su ne kashi mai ruwa-ruwa, fari ko rawaya ko kore, mai wari, da ɓacin wutsiya da cinyoyi. Dalilansa sun kasu gida biyu.

Kashi na farko shi ne zawon abinci. Yana faruwa idan aka raba maraƙi da uwarsa tsawon yini, ta dawo daga kiwo da yamma ya sha fiye da kima a lokaci guda, ko aka ba shi nono mai sanyi, ko wanda aka tsarma da ruwa, ko kunu da sukari kamar yadda aka ambata. Irin wannan maraƙi yakan kasance da kuzarinsa, kuma yana warkewa da an gyara yadda ake shayar da shi.

Kashi na biyu shi ne zawon ƙwayoyin cuta, kuma shekarun maraƙi, wato kwanakinsa, kan ba da haske a kan wace ce. Zawo mai tsananin ruwa a kwana huɗun farko yawanci aikin wata bakteriya ce mai suna Ikolai. Daga kwana 5 zuwa mako 2 an fi samun bairus iri biyu, Rota da Korona na shanu. Daga mako 1 zuwa mako 4 akwai wata ƙaramar halitta mai suna Kirifto. Bayan mako 3 kuma ana samun Koksidiya, wadda kan sa kashi da jini da yawan yunƙuri. Bakteriyar Salmonela tana iya zuwa a kowane lokaci, tare da zazzaɓi da jini da majina a kashi. Har ila yau akwai wata doguwar farar tsutsar ciki da ke shiga maraƙi ta cikin nonon uwarsa a kwanakin farko, wadda ta yawaita a ƙasashe masu zafi irin namu. Ana maganinta tun maraƙi yana da kimanin mako biyu, kafin ta girma ta fara zuba ƙwai. Sau da yawa cuta biyu ko uku kan haɗu a jikin maraƙi ɗaya.

Yawancin waɗannan cututtuka daga kashi suke zuwa su shiga ta baki. Wurin da aka daɗe ana ɗaure maruƙa ba a sauya ba, musamman da damina lokacin da taɓo ya cakuɗe da kashin shanu, shi ne matattararsu. Ya kamata kuma a sani cewa Kirifto da Salmonela suna kama mutane, musamman ƙananan yara, waɗanda su ne aka fi bari da wasa da maruƙa. Wajibi ne mai jinya ya wanke hannu da sabulu, kuma kada ƙwaryar maraƙi ta haɗu da ta gida.

4.7 Gane Ƙarewar Ruwan Jiki

Maraƙi mai zawo sosai yana iya rasa ruwan da ya kai kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa a rana guda. Tare da ruwan akwai gishirin jiki da ke fita, jininsa kuma ya yi tsami, wanda shi ke kawo kasala da tangaɗi da daina tsotso. Ana auna abin ta hanyar duba ido, da jan fatar wuya a saki a ga tsawon lokacin da za ta ɗauka kafin ta koma, da taɓa baki da kunnuwa da ƙafafu. Matakan su ne kamar haka:

(a) Mataki na farko: Yana tsaye, yana tsotso da ƙarfi, ido bai zurma ba, fata tana komawa nan da nan. Abin da ya rasa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba.

(b) Mataki na biyu: Ido ya ɗan zurma, baki ya bushe, fata tana ɗaukar daƙiƙa 2 zuwa 5, yana yawan kwanciya amma yana iya tashi, tsotsonsa ya yi rauni. Ya rasa kimanin kashi 6 zuwa 8.

(c) Mataki na uku: Ido ya zurma ƙwarai, fata ta tsaya a tattare, kunnuwa da ƙafafu da baki sun yi sanyi, ba ya iya tashi, ba ya tsotso. Ya rasa kashi 10 ko kusa da haka. Wanda ya wuce kashi 12 da wuya ya tashi.

Matakai biyun farko ana iya jinyarsu a gida. Na uku kuwa sai ƙarin ruwa ta jijiya a hannun likitan dabbobi, kuma jinkirin rabin yini ya isa ya raba shi da rai.

4.8 Jinya A Gida

Lissafin ruwan da za a mayar ba shi da wuya. Alal misali, maraƙi mai kilo 25 da ya rasa kashi 8 cikin 100 ya rasa lita 2 ke nan. Wannan lita 2 ƙari ne a kan nonon da yake sha kullum, wanda bai kamata ya gaza lita 2 da rabi ba, kuma muddin zawon bai tsaya ba sai an ci gaba da cike gurbin abin da ke fita.

Tsurar ruwa ba ya wadatarwa, domin hanji ya fi tsotse ruwa idan yana tare da gishiri da gulukos. Mafi kyau shi ne garin da aka haɗa musamman domin maruƙa, wanda ake samu a shagunan magungunan dabbobi. Idan babu, ana iya bin ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar domin mutane a 1975, wato a kowace lita ta ruwa mai tsabta a sa gishiri giram 3.5, da hodar bikabonet giram 2.5, da gishirin fotasiyam giram 1.5, da gulukos giram 20. A ma'aunin gida, lita 2 na ruwa za ta ɗauki shafaffen ƙaramin cokali ɗaya da ɗan ɗoriya na gishiri, da shafaffen ƙaramin cokali ɗaya na bikabonet, da shafaffen babban cokali huɗu na gulukos. Ƙunshin garin da ake ba yara masu gudawa shi ma yana taimakawa idan shi kaɗai ke akwai.

A nan wajibi ne a yi hattara da abu biyu. Na farko, Hausawa sun saba da ruwan gishiri da sukari da ake haɗa wa yara, amma sukarin shayi da ke amfanar yaro ba ya narkewa a hanjin maraƙi, ƙara zawon yake yi. Gulukos ake nema. Na biyu, kada a maye gurbin bikabonet da kanwa, domin ƙarfin kanwa ya bambanta daga wata zuwa wata, babu ma'auni tsayayye, kuma gishiri ko kanwa da suka yi yawa guba ne ga maraƙin da ruwansa ya ƙare.

A da ana shawartar a hana maraƙi mai zawo nono na kwana ɗaya ko biyu domin cikinsa ya huta, kuma har yanzu makiyaya da yawa na yin haka. Bincike ya nuna cewa wannan kuskure ne. Ruwan gishiri ba shi da abincin da zai riƙe jiki, sabon maraƙi kuma ba shi da kitsen da zai dogara da shi. Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, hanjin da ya ji rauni ma da abinci yake gyaruwa. Abin da ya dace shi ne a bar shi ya sha nono kaɗan-kaɗan sau da yawa. Sai dai kada a gauraya ruwan maganin da nono, kuma a bar tazarar kamar awa 2 tsakaninsu, saboda bikabonet na iya hana nono daskarewa a ciki. Tsarin yini zai iya kasancewa haka: da asuba nono, da hantsi lita ɗaya ta ruwan magani, da azahar nono, da la'asar lita ɗaya ta ruwan magani, da magariba nono, bayan lisha kuma a ƙara ruwan idan zawon bai lafa ba. Komai za a ba shi ya kasance da ɗumi daidai da ɗumin jiki. Wannan yana nufin uwar ta yi kiwo kusa da gida a kwanakin, kuma a rage tatsarta ko a dakatar, ko da kuwa ƙwaryar talla za ta ragu. Asarar nonon kwana huɗu ba ta kai asarar nonon shekara ba.

Bayan wannan sai a ware shi daga sauran maruƙa, a kai shi inuwa da rana, a kare shi daga iska da dare, a shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa ana sauyawa, a ajiye masa ruwan sha mai tsabta, a riƙa wanke masa gindi saboda ƙuda.

4.9 Magungunan Gargajiya Da Na Kasuwa

Makiyaya na da tsirran da suka gada domin zawon dabbobi, kamar 'ya'yan bagaruwa da ɓawon maɗaci da ganyen sabara da garin 'ya'yan kuka. Bagaruwa, alal misali, tana da sinadarin nan mai ɗaure baki wanda majema ke amfani da shi wajen jima, kuma yana iya rage ruwan kashi. Matsalar ita ce tsayar da kashi ba ya mayar da ruwan da ya riga ya fita, ga shi babu ma'auni sananne ga jariri, kuma yawanci ta hanyar ɗura ake ba da su. Idan za a yi amfani da su, kada su hana ba da ruwan magani da nono.

Haka abin yake ga magungunan kashe bakteriya, irin su Oksitetrasaikilin, da ake saye a kasuwannin ƙauye a yi wa kowane maraƙi mai zawo. Ba su da tasiri a kan bairus ko Kirifto, kuma yawan amfani da su barkatai na sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Wurin amfaninsu shi ne inda cutar ta wuce hanji ta shiga jini, kuma likita ne zai tantance.

4.10 Kumburin Ciki Da Rashin Yin Kashi

Ban da zawo, akwai kumburin ciki, wanda kan biyo bayan zubar nono cikin tumbi ko shan nono mai yawa a lokaci guda. Maraƙin kan riƙa harbin cikinsa da ƙafa, yana cizon haƙora, yana kwanciya yana tashi. Idan cikin ya yi tauri kamar ganga, numfashi ya yi wuya, to a dakatar da ba shi komai a nemi likita da gaggawa. Haka kuma, maraƙin da ya cika awa 24 bai yi kashin farko ba sai a ɗaga wutsiyarsa a duba, domin akan haifi wasu ba su da dubura, wasu kuma hanjin ne a toshe daga ciki. Wanda ba shi da dubura ana iya yi masa aiki ya rayu idan aka kai shi da wuri.

4.11 Lokacin Neman Likita

Wajibi ne a nemi likita ko malamin dabbobi idan maraƙi ya kasa tashi ko ya daina tsotso, ko aka ga jini a kashinsa, ko zafin jikinsa ya haura digiri 39.5 ko ya sauka ƙasa da 38 a ma'aunin santigireti, ko cibiyarsa ta kumbura tana fitar da mugunya, ko gaɓoɓinsa suka kumbura, ko aka yi kwana biyu ana jinya babu sauƙi. Idan maruƙa da yawa suka kamu a lokaci guda, yana da kyau a kai samfurin kashinsu a gwada, a asibitin dabbobi na jiha ko na jami'o'i irin su Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ko a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924.

4.12 Rigakafi

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ciyar da saniya da kyau a wata biyun ƙarshe na cikinta, da harawa ko dusa ko ƙulin auduga idan rani ne. A tanadar mata busasshen wuri mai tsabta na haihuwa. A tsoma cibiyar jariri cikin ruwan aidin da zarar an haife shi. A tabbata da ido cewa ya sha dakashi ya ƙoshi, a kuma bar masa nonon uwarsa duka na aƙalla kwana huɗun farko. A riƙa sauya wa dangwali wuri, kuma kada a haɗa jarirai da manyan maruƙa a igiya ɗaya idan akwai hali.

4.13 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa rayuwar sabon maraƙi ta rataya ne a kan dakashin da ya sha a sa'o'in farko, da kuma saurin da aka yi wajen mayar masa da ruwa idan zawo ya kama shi. An nuna haɗarin ɗura, da na hana shi nono, da na ba shi sukari ko kunu, an kuma bambanta abin da makiyayi zai iya yi da hannunsa da abin da sai likita. A babi na gaba za a dubi renon maraƙi daga wata na biyu, lokacin da ya fara cin ciyawa, har zuwa yaye.